Kebul Yana Jone, Intanet Yana Tafiyar Hawainiya: A Ina Gudun Yake Maƙalewa?

A ƙauyukanmu na yankin Bunkure, Kura da Garun Malam an fara samun gidajen da intanet ya zama abin neman abinci, ba na hira kaɗai ba. Wani yana cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, wani yana karatu daga nesa, wani kuma dillalin shinkafa ne da ke aika wa abokan cinikinsa na Legas hotuna da takardu. Yawancinsu sun taɓa jin shawarar nan ta cewa in ana son intanet mai ƙarfi a kwamfuta, a bar waifai a ja kebul daga rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, zuwa tebur. Shawarar gaskiya ce. Sai dai mutum yakan sayi kebul ɗin, a ja masa, ya jona, ya zauna yana jiran abin mamaki, sai ya tarar shafi ɗaya yana ta juyi kamar da, wani lokaci ma fiye da da. Daga nan ne ake fara kashe kuɗi a makance: a canza layi, a sayi data mai tsada, a kai kwamfuta birni a goge ta a sake zuba mata manhaja. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Mutumin yankin nan ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya fahimci yadda lamarin yake, domin yana ganin irinsa kullum a gona. Ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana bin babban kanal, ya shiga ƙananan magudanai, sannan a ja shi da tiyo zuwa fangali. Idan manomi ya ga ruwa yana ɗiga a bakin tiyonsa, ba ya fara zargin cewa Tiga ta ƙafe. Yakan bi tiyon da ido ya ga ko ya lanƙwashe ko ya huje, ya duba ko ciyawa ta toshe magudana, ya leƙa ko na sama da shi sun tare ruwan, sai a ƙarshe ya tambaya ko an rufe ƙofar kanal. Intanet ma haka yake zuwa, mataki bayan mataki, kuma wurin da ya fi ƙunci shi ne yake yanke hukuncin abin da zai iso. Aikin mai neman matsala shi ne ya auna kowane mataki shi kaɗai, ya fara daga na kusa da hannunsa, kafin ya taɓa aljihunsa.

Kafin a kai ga nan, akwai wani ruɗani na lissafi da ya kamata a kawar, domin wasu korafe-korafen ba su da tushe sai shi. Kamfanoni suna tallata gudunsu da megabit a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Mbps da ƙaramin harafin b, amma manhajar da ke sauke fayil takan nuna megabait, MB da babban harafi. Bit takwas ne suke yin bait ɗaya. Wanda yake samun megabit 40 zai ga fayil yana sauka da megabait 5 a daƙiƙa, kuma babu wanda ya cuce shi. Haka nan wani ɗan kaso na hanyar yana tafiya ne wajen adireshi da alamomin da ke rakiyar kowane ƙunshin saƙo, shi ya sa mahaɗar megabit 100 ba ta wuce kusan 94 a gwaji, ta 1000 kuma takan tsaya a wajen 940. Wannan lamba ta 94 ta cancanci a riƙe ta a ka, saboda duk lokacin da gwaji ya riƙa tsayawa cak a kanta, safe da yamma, to ba kamfani ba ne ya rage maka, wani abu ne a cikin gidanka ya kulle hanyar a kan 100.

Gwajin farko kwatance ne. A tsaya kusa da rauta da wayar hannu mai kyau, a auna gudu ta shafin gwaji irin su Speedtest ko fast.com, sannan nan take a auna a kwamfutar da ke kan kebul, bayan an kashe waifai ɗinta gaba ɗaya. Kashewar tana da muhimmanci, domin na sha ganin laftof da kebul a cikinta amma kebul ɗin matacce ne, ita kuwa ta koma kan waifai shiru ba tare da mai ita ya sani ba, yana ta auna iska yana zargin waya. Idan wayar hannu ta sami gudu mai kyau kwamfuta ba ta samu ba, laifin yana tsakanin rauta da kwamfuta, ko a cikin kwamfutar. Idan dukansu biyun suna jan ƙafa, to sai a ɗaga kai a dubi rauta da abin da ke bayanta. A kuma tuna cewa gwajin kansa yana cin data: a gudun megabit 100, daƙiƙa goma na saukewa megabait 125 ne, don haka wanda ke sayen data da gigabait bai kamata ya mayar da gwaji abin wasa ba.

A bara ne na ga wannan a kusa, a gidan baffana, tsohon hedimasta, wanda 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka sanya masa faranti mai karɓar intanet daga tauraron ɗan'adam, domin ƙaramin ɗansa ya riƙa aikin cike-cike a shagon da ke jikin zaure. Rautar tana cikin gida, shagon yana ƙofar gida, tsakaninsu tazarar mita arba'in ko kusa da haka, sai aka kira mai gyaran wuta na garin ya ja kebul ta kan katanga. Da na isa, Baffa yana zaune a kan buzunsa, ya ce mini, “Kai ɗan nan, an ce wannan abu daga sama yake ɗebo nasa, to me ya sa yaron nan yake kwana a kan takarda ɗaya?” Na ce, “Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, bari mu gani ko daga saman ne ko daga ƙasa.” A tsakar gida wayata ta nuna sama da megabit 150. A shago kwamfuta tana ba da 12, a sake gwadawa ta ba da 6, a sake ta ba da 20.

Abu na farko da na duba shi ne gudun da kwamfutar da rautar suka yi yarjejeniya a kansa. Duk lokacin da aka jona kebul, na'urorin biyu sukan yi ciniki a tsakaninsu cikin ƙiftawar ido, kowacce ta faɗi iyakar ƙarfinta, su tsaya a kan mafi girman abin da dukansu za su iya: 10, 100 ko 1000. A Windows ana ganin wannan lambar a cikin saitin hanyar sadarwa, a shafin Ethernet, inda aka rubuta gudun mahaɗa. Ta Baffa ta nuna 100, alhali kwamfutar da rautar duka masu iya 1000 ne. Wannan ya riga ya nuna akwai sili a cikin kebul ɗin da ba ya aiki. Dalili kuwa shi ne, a cikin kebul akwai sili takwas da aka murɗe bibbiyu, wato tagwaye huɗu. Tsarin megabit 100, wanda aka fitar a 1995, tagwaye biyu kawai yake amfani da su, amma tsarin 1000 na shekarar 1999 yana buƙatar duka huɗun. In sili ɗaya ya tsinke a cikin waɗanda ƙaramin tsarin ba ya buƙata, fitilar mashiga za ta ci gaba da haske, intanet zai ci gaba da zuwa, na'urorin dai za su sauka zuwa 100 ba tare da sun yi wa kowa sallama ba.

Amma 100 ba ta bayyana 6 da 12 ba. Da ita kaɗai ce matsalar, da mun ga 94. Sai na buɗe baƙin allon nan na umarni na aika wa rautar gajerun saƙonni 50 da umarnin ping, ta adireshinta na cikin gida, wanda yawanci a jikin rauta ake rubuta shi, irin su 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. A kan lafiyayyen kebul, amsa takan dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kuma ko ɗaya ba ya ɓacewa. A nan shida suka ɓace. Wani zai ce shida cikin hamsin ai ba su da yawa, a ce gudu ya ragu da ɗan kaso kawai. Ba haka tsarin yake aiki ba. Ƙa'idar TCP, wadda yawancin saƙonnin intanet suke bi, an gina ta ne a kan zaton cewa ɓacewar saƙo alama ce ta cunkoso a hanya, don haka da zarar mai aikowa ya lura wani ƙunshi bai isa ba, sai ya rage gudunsa sosai, ya sake aiko da abin da ya ɓata, sannan ya fara ƙarawa a hankali. Kafin ya murmure wani ya sake ɓacewa, ya sake ja da baya. Shi ya sa ƙaramar yoyo a kebul take jawo babbar asara, kuma shi ya sa lambar gwaji take tsalle-tsalle maimakon ta tsaya wuri ɗaya.

Da na ɗaga kan kebul ɗin a hasken rana na ga bakin zaren. Mai gyaran wutar ya jera silin ne yadda hankali zai ba kowa: tagwaye na farko a rami na 1 da na 2, na biyu a 3 da 4, na uku a 5 da 6, na huɗu a 7 da 8, kuma ya yi haka a kawunan biyu daidai wa daida. A aikin lantarki bai yi kuskure ba, in babu silin da ya tsinke, wuta za ta bi kowane sili ta fita inda ya kamata, kuma ƙaramar tastar nan mai fitilu takwas da ake sayarwa da araha za ta haska duka ta ce lafiya lau. Sai dai ƙa'idar ta ce tagwayen su zauna a 1 da 2, 3 da 6, 4 da 5, 7 da 8. Murɗewar nan da ake gani ba ado ba ce. Ana aika saƙo ne ta sili biyu na tagwaye ɗaya, ɗaya kishiyar ɗaya, ta yadda duk hayaniyar da ta shigo daga waje za ta faɗa a kansu daidai, mai karɓa ya cire ta ya bar saƙon. Idan aka ɗauko sili daga wannan tagwayen aka haɗa shi da na wancan, kariyar ta tafi, kuma saƙon kowanne yana yoyo cikin na ɗan'uwansa. A kebul mai mita biyu ba za a lura ba. A mita arba'in, a kan katanga, kusa da wayar janareta, dole a gani. Jerin da aka fi bi, wanda ake kira T568B, shi ne: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ba na ganin laifin mai gyaran wutar sosai, domin babu wanda ya taɓa koya masa cewa wannan waya ba wuta take ɗauka ba, magana take ɗauka.

Na yanke kawunan biyu na sake matsa sababbi bisa ƙa'ida. Saƙonni suka daina ɓacewa, gwaji ya hau 94 ya tsaya, amma mahaɗar ta ƙi wuce 100. Tsugune ba ta ƙare ba. Sai na ɗauki guntun da na yanke na feƙe sili ɗaya na kankare shi da reza, jan ya tafi, fari fat ya fito daga ƙasa. Na kara masa wutar ashana, nan da nan ya yi laushi ya sunkuya, alhali jan ƙarfe na gaskiya ja yake yi a wuta ya tsaya a miƙe. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, irin wanda ake rubuta wa CCA a jikin kwali in mai yin sa yana da sauran kunya. Alminiyom ba ya wuce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta, kuma yana saurin karyewa in aka lanƙwasa shi. Da muka bi katangar, muka tarar da inda aka danne kebul ɗin da ƙusa a kusurwa, rigarsa ta tsattsage saboda rana, silin ruwan ƙasa ya karye a ciki. A ra'ayina wannan kebul na bogi ya fi kowane abu cutar da mutanen karkara a harkar nan, domin a ido babu bambanci, rubutun Cat6 yana nan a jikinsa ɓaro-ɓaro, kuma mai saye yakan zaɓi mai araha da kyakkyawar niyya. Kwalin kebul mai mita 305 na jan ƙarfe zalla yana da nauyin da hannu zai ji. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ka nemi reza kafin ka biya. Cat5e na gaskiya ya isa ya ɗauki megabit 1000 har tsawon mita 100, don haka babu buƙatar bin manyan lambobi. Abin da ya fi lamba muhimmanci a wurinmu shi ne a sami irin na waje mai baƙar riga mai jure rana, ko a zura shi cikin bututun roba, domin rana, ɓera da gara duk suna da rabo a cikin kebul ɗin da aka bari a fili.

Ba kullum kebul ne mai laifi ba idan aka ga 100. Rautoci da yawa masu araha, da ƙananan akwatunan rarraba layi da ake kira suwic, mashigarsu 10/100 ce tun daga masana'anta, kuma an rubuta haka a jikin kwali da ƙananan haruffa. Akwati ɗaya irin wannan a tsakiyar hanya ya isa ya kulle duk abin da ke bayansa. Haka ƙaramin adaftan nan na USB da ake saya wa siraran laftof marasa mashigar kebul: da yawansu na 100 ne, kuma ko na 1000 ne, in aka soka shi a mashigar USB 2.0 ba zai kai ba, domin iyakar wannan mashigar a takarda megabit 480 ne, a aikace kuma ƙasa da haka. Ƙurar hunturu ma tana cika ramin mashiga, damina ta zo da danshi silin ciki su yi tsatsa. Gwada wani ramin a jikin rauta, ko ɗauko kwamfutar a kawo ta kusa a jona da gajeren kebul na kamfani, aiki ne na minti biyar da ke raba gardama. Idan gudu ya dawo da gajeren kebul, an gama magana.

Idan kuwa mahaɗar ta nuna 1000, saƙonni ba sa ɓacewa, amma wannan kwamfutar kaɗai ce take rarrafe, sai a shiga cikinta. Akasarin na'urorin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, masu tsohon faifan ajiya mai juyawa da ƙaramar ƙwaƙwalwa. A buɗe Task Manager, allon Windows da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, a lokacin da ake gwaji, a dubi abubuwa uku: injin tunani (CPU), faifai da hanyar sadarwa. In faifai ko injin yana kan kashi 100, to intanet ɗin yana isowa, na'urar ce ta kasa haɗiya, kuma canza faifan zuwa SSD, ma'ajiya mai sauri marar juyawa, zai yi amfanin da sayen data ba zai yi ba. In kuwa hanyar sadarwa tana cike alhali ba ka buɗe komai ba, akwai mai sha a ɓoye, kuma allon zai nuna sunansa: sabuntawar Windows, ko manhajar ajiya da ke kwashe hotuna zuwa gajimare, ko manhajar saukar fina-finai da wani yaro ya bari tana aiki, ko VPN, manhajar ɓoye hanyar saƙo, da aka manta a kunne wanda ke zagayawa da kowane saƙo ta Turai ko Amurka kafin ya dawo. Manhajojin sata da ake zubawa a kwamfuta kyauta su ma sukan zo da baƙin da ba a gayyata ba. Sai kuma direban katin sadarwa, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa mashigar; tsohon direba ko wanda bai dace ba yana iya rage gudu, kuma a cikin saitinsa akwai wurin da aka rubuta Speed & Duplex wanda ya kamata a bar shi a kan ciniki na kai-tsaye. Na taɓa tarar da wanda wani mai gyara ya kafe masa shi a kan 100 da hannu, ya manta. A nan ne kuma ake samun saitin tsimin wuta, Energy Efficient Ethernet ko Green Ethernet, wanda kashe shi yakan warware matsalar yankewa tsakanin wasu katuna da wasu rautoci.

Wani abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne cewa kebul ba ya ba kwamfuta hanya tata ta daban zuwa duniya. Rauta ɗaya ce, mashigar waje ɗaya ce, kuma duk wayar da ta san lambar sirrin waifai tana sha daga nan. A ƙauye lambar sirri ba ta kwana biyu ba ta zagaya majalisa ba. Abin da ya fi cutarwa ma ba masu kallon bidiyo ba ne, masu ɗorawa ne, domin hanyar fita takan fi ta shigowa ƙunci nesa ba kusa ba. Waya ɗaya da ke tura bidiyon biki ko kwashe ajiyar WhatsApp tana iya cika hanyar fita, sai ƙananan saƙonnin da kwamfutarka ke aikawa na cewa “na karɓa, ƙaro” su tsaya a dogon layi a cikin rauta, saukewa ma ta tsaya. Shafin rauta yana nuna jerin na'urorin da ke jone, kuma mai gida yakan sha mamaki in ya ƙirga.

Ita kanta rautar ƙaramar kwamfuta ce mai jin zafi da yunwar wuta. Yawancinsu an yi su ne don su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan wuce haka, balle ɗaki mai rufin kwano da aka rufe tagoginsa. Rautar da ke aiki da safe ta riƙa sumewa da azahar, a taɓa ta a ji. Haka cajar da ke ba ta wuta: idan ta asali ta ƙone aka maye gurbinta da wadda bakinta ya shiga kawai ba tare da an duba bolt da amfiya ba, rautar za ta kunna, amma da aiki ya yi nauyi sai ta sake tashi daga farko. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka yana yin irin wannan ɓarnar.

Sai abin da ke bayan rauta, kuma a nan ne gaskiyar karkara take. A birni mai kebul yana iya kasancewa a kan zaren gilashi tun daga tebur har ofishin kamfani. A ƙauyukanmu kebul ɗin 'yan mitoci ne kawai, sauran tafiyar ta iska ce, ko dai zuwa ƙarfen sabis na MTN, Airtel ko Glo ta layin da ke cikin rauta, ko zuwa tauraro, tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Mai rautar layi ya daina dogara da sandunan sabis da ke jikinta, ya shiga shafinta ya duba lambobi biyu. RSRP yana nuna ƙarfin sigina: wajen -80 yana da kyau ƙwarai, in ya gangara ƙasa da -110 an kusa bakin iyaka. SINR yana nuna tsabtarta: 20 zuwa sama madalla, kusa da sifili kuwa hayaniya ta yi daidai da magana. Kwanon rufi da katangar ƙasa mai kauri suna cin sigina, kuma a nan ne kebul yake da babban amfaninsa na gaske, domin yana ba ka damar ɗora rautar a sama, a taga mai fuskantar ƙarfen sabis, kai kuma ka zauna inda kake so. Matsar da rauta taku uku wani lokaci yana ninka gudu.

Ko sigina ta cika, ƙarfen sabis ɗaya ne yake ɗauke da garuruwa da dama, kuma abin da yake da shi rabawa yake yi. Shi ya sa gwajin bayan sallar asuba ya bambanta da na bayan isha'i, ranar kasuwa ta bambanta da sauran ranaku. Idan gudu yana da kyau da asuba ya faɗi da dare a kan kowace na'ura, babu kebul ɗin da zai gyara wannan. A kuma duba sharaɗin datar da aka saya, domin tsare-tsaren da ake ce wa marasa iyaka galibi suna da wani adadi da in aka kai shi ake rage gudu har ƙarshen wata; mai lura zai ga tafiyar hawainiyar tana farawa ne a kusan rana ɗaya kowane wata. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin jiha ma. A ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta har bankuna suka shiga wahala. Wanda ya kai kwamfutarsa gyara a makon nan ya biya kuɗin banza.

Akwai kuma bambanci tsakanin yawan abin da hanya ke ɗauka da lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa Legas da dawowa, tazarar kusan kilomita dubu kowace fuska, ba ya kasa kashi goma cikin dubu na daƙiƙa ko da babu tsayawa a hanya, zuwa Turai kuwa ya ninka haka sau da yawa. Tsofaffin taurari da ke nisan kilomita 35,786 sukan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa, na zamani da ke wajen kilomita 550 kuwa ƙasa da haka sosai. Shafi ɗaya yana buƙatar kai-komo da dama kafin ya buɗe, shi ya sa zai iya jinkiri ko da gwaji ya nuna babbar lamba. A ƙarshen wa'adin rajistar jarrabawa, lokacin da dubban cibiyoyi suke rububin shafi guda, jinkirin na can ne, ba na shagonka ba. Buɗe wani shafin daban zai tabbatar maka.

A gidan Baffa dai mun sauke tsohon kebul, muka zura sabo na jan ƙarfe cikin bututu, muka kauce wa wayar janareta, mahaɗar ta nuna 1000, gwajin shago ya yi daidai da na tsakar gida. Na gargaɗi ɗansa cewa da ya ga hadari ya haɗo ya zare kebul ɗin daga kawunan biyu, domin doguwar waya tsakanin gini biyu tana iya ɗebo ƙarfin tsawa ko da aradu ba ta faɗa a kanta ba, ta ƙone mashigar rauta da ta kwamfuta lokaci guda. Na kuma ce ya riƙa rubuta sakamakon gwaji a bayan littafin cinikinsa har mako guda, da rana da lokaci, safe, azahar da dare, ta yadda in har ta kai ga kiran kamfani zai faɗa musu lambobi, ba “ba ya sauri” kawai ba. Baffa kuwa ya karɓi guntun silin da na kankare, ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce a ajiye masa a aljihun tebur, yana so ya nuna wa mai gyaran wutar in sun haɗu a masallacin Juma'a.